Wa Zai Shiga, Wa Za A Bari A Waje: Yadda Ake Hasashen Gurbin Gasar Besbol Ta Jami'o'in Amurka

Ranar Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, wadda Amurkawa ke hutun tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, ita ce ranar da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke fitar da sunayen ƙungiyoyi 64 da za su buga gasar ƙasa ta besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda. Jami'o'in da ke babban ajin wasan sun kai kusan 300, don haka waɗanda za a bari a waje sun ninka waɗanda za su shiga fiye da sau uku. Sanarwar ba ta ɗaukar dogon lokaci a talabijin, amma gardamar da ke gabanta takan fara tun cikin Afrilu. Kafofi irin su D1Baseball da Baseball America kan fitar da jadawalin hasashe mako-mako, su jera ƙungiyoyin da suke ganin sun riga sun shige, da huɗun ƙarshe da za su tsallake da ƙyar, da huɗun farko da za a rufe wa ƙofa. Magoya baya su karanta, wasu su yi murna, wasu su kwana da ciwon kai.

Wanda zai karanta irin wannan hasashe ya kamata ya fara sanin abu guda. Mai hasashen ba yana gaya maka ƙungiyar da ta fi iya wasa ba ne. Yana ƙoƙarin karanta zuciyar wani kwamiti ne, wanda akasarin membobinsa daraktocin wasanni ne na jami'o'i da jami'an lig-lig, da kuma ma'aunin da kwamitin ya saba dogara da shi. Ƙarfin ƙungiya daban, hukuncin kwamiti daban, kuma a tazarar da ke tsakaninsu ne duk rigimar take.

Tsarin gasar kansa ba shi da wuyar fahimta. Tun 1999 aka mayar da ita ta ƙungiyoyi 64. Ana raba su gida 16, huɗu-huɗu, kowane rukuni ya taru a filin jami'a ɗaya, kuma ba a sallamar ƙungiya sai an doke ta sau biyu. Wannan shi ne zagayen shiyya. Zakarun 16 sai a haɗa su bibbiyu a zagaye na gaba, wadda ta fara cin wasa biyu cikin uku ta wuce. Takwas da suka rage su nufi birnin Omaha a jihar Nebraska, inda ake kammala gasar tun 1950. An fara ta a 1947 a Kalamazoo ta jihar Michigan, kuma cikin 'yan wasan jami'ar Yale da aka doke a wasan ƙarshe na wannan shekarar har da George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Hanyoyin shiga biyu ne. Kowace lig tana da tikiti ɗaya na kai tsaye, kuma akasarinsu suna ba da shi ne ga wadda ta lashe gajeriyar gasar da suke shiryawa a ƙarshen kaka. Waɗannan tikiti kusan 30 ne. Sauran gurbi 30 da ɗoriya kwamiti ne ke raba su da hannunsa. A cikinsu ma, mafi yawa ba sa buƙatar wani dogon tunani, domin ƙungiyar da ta yi ta lallasa manya tun Fabrairu kowa ya san ta shiga. Ainihin aikin mai hasashe ya taƙaita ne ga gurbi biyar ko shida na ƙarshe, waɗanda ƙungiyoyi goma ko goma sha biyu ke ja-in-ja a kansu.

A nan ma'aunin da ake kira RPI yake shigowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke juya akalar komai. Lissafinsa kashi uku ne. Kashi 25 cikin ɗari na makin ƙungiya daga nasarorinta yake fitowa. Kashi 50 daga nasarorin abokan karawarta. Kashi 25 da ya rage daga nasarorin abokan karawar abokan karawarta. Wato kashi uku cikin huɗu na makinka ba a hannunka yake ba, yana hannun waɗanda ka yi wasa da su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in ji Hausawa, kuma da wuya a sami inda maganar ta zauna daram kamar nan.

Bari mu ƙaddara ƙungiyoyi biyu don a ga yadda abin ke aiki. Ta farko ta ci kashi 80 cikin ɗari na wasanninta, amma abokan karawarta kashi 45 kawai suke ci, nasu abokan kuma kashi 48. Idan aka buga lissafin, makinta 0.545. Ta biyu kashi 55 kacal ta ci, amma tana lig mai ƙarfi, abokan karawarta suna cin kashi 60, nasu abokan kashi 55. Makinta 0.575. Wadda aka doke kusan sau ɗaya a kowane wasa biyu ta hau kan wadda ake dokewa sau ɗaya a wasa biyar. Hujjar masu kare ma'aunin ita ce cin mai ƙarfi ya fi cin rago wuya, kuma gaskiya ne. Sai dai ma'aunin bai tambaya ko ƙungiya ta farko ta sami damar haɗuwa da masu ƙarfin ba.

Amsar wannan tambaya tana cikin taswirar Amurka da yanayinta. Kakar wasa tana farawa a tsakiyar Fabrairu, kuma kowace ƙungiya tana da damar buga wasa har 56 kafin gasar ƙarshen kaka. A tsakiyar Fabrairu, ana iya buga wasa a Florida ko Louisiana ko Texas da riga mai gajeren hannu. A Michigan ko Minnesota ko New Jersey kuwa, filin na iya kasancewa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Saboda haka 'yan wasan jami'o'in arewa sukan shafe makonnin farko a kan hanya. Yara ne ɗalibai, da darussa a kansu, su yi atisaye a cikin rufaffen ɗaki inda ba a iya buga ƙwallo ta tashi sama yadda ya kamata, ranar Alhamis su hau mota ko jirgi zuwa kudu, su buga Juma'a da Asabar da Lahadi a gaban magoya bayan wasu, su dawo cikin dare su shiga aji da safe. Wata ƙungiyar takan kai tsakiyar Maris ba ta buga wasa ko ɗaya a gidanta ba. A daidai lokacin, manyan kudu suna zaune a gida, suna karɓar baƙi, suna tara nasara da kuɗin ƙofa.

NCAA ta san da wannan, shi ya sa daga kakar 2013 ta gyara lissafin. Nasarar waje ta koma tana da nauyin 1.3, ta gida 0.7. Shan kaye a gida nauyinsa 1.3, a waje 0.7. Gyaran ya rage zaluncin, amma bai taɓa tushensa ba, domin ya shafi kashi 25 ne kawai na farko. Da zarar an shiga wasannin lig a watan Maris, 'yan lig mai ƙarfi suna ɗaga junansu sama ko sun ci ko an ci su, 'yan ƙaramar lig kuma suna jan junansu ƙasa ko da suna ci. Har zuwa 2025, rabon da wata jami'a daga lig ɗin Big Ten, wadda asalinta ta arewa ce, ta ɗauki kofin tun Ohio State a 1966. Lig ɗin SEC ta kudu maso gabas kuwa ita ta ɗauki kofin a 2019, 2021, 2022, 2023, 2024 da 2025, shekarar 2020 kuma annobar korona ta hana a yi gasar. A 2025 jami'o'i 13 daga SEC kaɗai suka shiga cikin 64 ɗin.

Akwai wata ɗabi'a da ma'aunin ya haifar wadda ni dai tana ɓata mini rai. Banda wasannin ƙarshen mako, ana buga wasa guda a tsakiyar mako, galibi ranar Talata, da wata jami'a ta kusa. Idan Mayu ya kama, koci ya duba ya ga abokiyar karawarsa ta ranar Talata ƙungiya ce da aka yi ta dokewa, ya san ko da ya lallasa ta makinsa zai ragu, saboda rashin nasarorinta zai shiga cikin kashi 50 ɗin nan. Sai kawai a ji sanarwar an soke wasa. Wani lokaci a ce ana fargabar ruwan sama, wani lokaci a ce bisa yarjejeniyar ɓangarorin biyu. Ƙaramar jami'ar ta rasa damarta ta gwada ƙarfi da babba, 'yan kallo sun rasa wasa, kuma babbar ta ci riba da ƙin fita fili. Ba na ɗora wa kociyoyin laifin duka, domin aikinsu ya rataya a kan shiga gasar. Amma ma'aunin da zai hukunta ka don ka fita ka ci wasa, ma'auni ne mai matsala. Ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in ta ajiye RPI tun 2018 ta koma wani ma'auni da ake kira NET. Besbol kuwa ta ci gaba da riƙe shi a matsayin abin da kowa ke fara dubawa.

Ba RPI kaɗai kwamitin ke kallo ba. Yana duba sakamakon ƙungiya a cikin lig ɗinta, da yadda ta yi da ƙungiyoyin da ke saman jeri, da nasarorin waje, da ƙarfin jadawalin da ta zaɓar wa kanta a wajen lig, da yadda ta ƙare kaka. Akwai kuma ƙa'idar cewa ƙungiyar da kwamiti zai zaɓa sai nasarorinta sun fi rashin nasarorinta yawa. Matsalar ita ce ba a rubuta nauyin kowanne ba. Bana shugaban kwamiti zai fito ya ce jadawalin wajen lig ne ya kayar da wance. Baɗi a ga wata mai irin wannan jadawalin ta shiga, a ce ai ta ƙare kaka da ƙarfi. Membobin ma suna sauyawa. Ƙwararren mai hasashe shi ne wanda ya bibiyi hukuncin shekarun baya har ya gane inda kwamitin ya fi karkata, kuma ko shi yakan yi kuskure a gurbi ɗaya ko biyu na ƙarshe.

Makon ƙarshe ne ke rikita lissafin kowa. A makon ne lig-lig ke buga gasarsu, SEC a garin Hoover na jihar Alabama, sauran a wurare daban-daban. Ƙungiyar da ke bakin ƙofa ba wasanta kaɗai take kallo ba, tana kallon wasannin jami'o'in da ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Dalili shi ne, idan wata lig tana da ƙungiya ɗaya mai ƙarfi wadda za ta shiga ko ta halin ƙaƙa, sai wata da ba a sa ta a lissafi ba ta lashe gasar lig ɗin, to lig ɗin ta ci gurbi biyu maimakon ɗaya. Wannan ƙarin gurbin daga rabon 'yan bakin ƙofa aka yanko shi. Masu bibiyar wasan suna kiran hakan satar gurbi. Idan aka yi irin wannan sau uku a ƙarshen mako guda, ƙungiyoyi uku da aka kwana ana cewa sun shiga ranar Alhamis za su wayi gari Litinin a waje, ba tare da sun yi wani laifi ba.

Shekarar 2022 ta haɗa duk waɗannan a wuri guda. Rutgers ta jihar New Jersey ta ci wasa 44, an doke ta a 15, ta kai wasan ƙarshe na gasar Big Ten, Michigan ta doke ta ta karɓe tikitin kai tsaye. NC State ta jihar North Carolina ta kai wasan ƙarshe na gasar lig ɗinta ta ACC, kuma ita ce wadda a 2021 aka cire daga Omaha saboda ƙa'idojin korona alhali saura nasara ɗaya ta kai zagayen ƙarshe. A ɗaya ɓangaren ga Ole Miss ta jihar Mississippi, wadda ta taɓa zama ta ɗaya a ƙasar a farkon kaka sannan ta rushe, har ta kai tana da nasara 7 da rashin nasara 14 a SEC, ta farfaɗo ta ƙare da 14 da 16, aka kuma sallame ta daga Hoover a wasan farko. Ranar Litinin 'yan wasan kowace jami'a suka taru a ɗaki ɗaya suna kallon talabijin, ana karanto rukuni bayan rukuni. Sunan Ole Miss ya fito, a matsayin ta ƙarshe da kwamiti ya zaɓa. Na Rutgers da NC State ba su fito ba. Ga 'yan ajin ƙarshe a waɗannan ɗakuna biyu, wasansu na jami'a ya ƙare ke nan a zaune a kan kujera.

Sai Ole Miss, ƙarƙashin kocinta Mike Bianco, ta je garin Coral Gables na jihar Florida ta lashe shiyyar, ta je garin Hattiesburg ta doke jami'ar Southern Miss a zagaye na biyu, ta je Omaha ta doke Oklahoma sau biyu a jere ta ɗauki kofinta na farko. Wasa 11 ta buga a gasar, sau ɗaya aka doke ta.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa kwamiti ya yi daidai. Suna ƙarawa da Florida ta 2024, wadda ta shiga da nasara 28 da rashin nasara 27, ta ci wasa 13 kacal cikin 30 na SEC, amma ta kai Omaha. Ba zan musa cewa hujjar tana da ƙarfi ba. Ƙungiyar da ke tsakiyar SEC tana iya fin zakaran wata lig ƙarfi, kuma duk wanda ya kalli wasanninsu ya san haka. Amma ni abin da na karanta a labarin Ole Miss daban ne. Idan ƙungiyar da ta shiga a gurbi na ƙarshe za ta iya ɗaukar kofi, to wadda aka bari a bayanta da taku ɗaya ma tana iya ɗauka, kuma ba za mu taɓa sani ba. Nasarar Ole Miss ba ta nuna Rutgers ba ta cancanta ba. Ta nuna cewa gurbin ƙarshe yana da tsada ƙwarai, don haka bai kamata a raba shi da ma'aunin da ya riga ya karkata ba.

Tarihin wasan ya cika da irin wannan, saboda besbol wasa ne da mai jefa ƙwallo guda ɗaya, idan hannunsa ya yi kyau a rana ɗaya, zai iya tsayar da ƙungiya mafi ƙarfi cak. Oregon State ta ɗauki kofin 2007 bayan ta ci wasa 10 an doke ta a 14 a lig ɗinta. Fresno State ta shiga a 2008 a matsayin ta huɗu, wato ta ƙarshe a rukuninta, ta doke Georgia ta zama zakara. Stony Brook ta jihar New York ta je har Baton Rouge a 2012 ta fitar da jami'ar LSU ta jihar Louisiana a gidanta. Michigan tana cikin na ƙarshe da aka zaɓa a 2019, ta fitar da UCLA wadda ke matsayi na ɗaya, ta kai zagayen ƙarshe. Oral Roberts a 2023 da Murray State a 2025 duk daga matsayi na huɗu suka kai Omaha. Ƙungiyar da kwamiti ya ba matsayi na ɗaya a ƙasa kuwa, bayan Miami a 1999, ba ta sake ɗaukar kofin ba sai Tennessee a 2024. A 2025 Vanderbilt ta ɗaya da Texas ta biyu duk a zagayen shiyya aka fitar da su, a filayensu.

Duk da haka, gardamar da ake yi a saman jeri ba ta banza ba ce. Tun 2018 kwamiti ke jera ƙungiyoyi 16 na sama daga ta ɗaya zuwa ta 16, kuma su ne galibi ke karɓar baƙuncin shiyya. Ana sanar da masu masaukin ranar Lahadi da dare, kafin cikakken jadawalin. Takwas na sama suna da ƙarin gata, domin idan suka tsallake, zagaye na biyu ma a gidansu za a yi. Shi ya sa mai hasashe ke da layuka uku da yake sa wa ido: tsakanin ta 8 da ta 9, tsakanin ta 16 da ta 17, da kuma bakin ƙofar shiga. Karɓar baƙunci ma ba ƙarfi kaɗai yake buƙata ba, sai da fili da fitilu da masaukin baƙi. A 2023 Indiana State ta lashe shiyyarta kuma ita ce ke da haƙƙin karɓar zagaye na biyu, amma garinta na Terre Haute ya riga ya ɗauki nauyin wasannin Special Olympics na masu buƙata ta musamman a wannan makon, sai ta tafi gidan jami'ar TCU a Texas aka fitar da ita a can. Wajen raba sauran ƙungiyoyin kuma, kwamiti yana kauce wa haɗa 'yan lig ɗaya a rukuni guda, yana kuma duba kusanci don rage kuɗin tafiya. Saboda haka hasashen wa zai shiga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan hasashen inda za a tura shi.

Da ni za a tambaya, gyara uku zan nema. A rage nauyin nasarorin abokan karawa daga kashi 50, yadda cin wasa ba zai taɓa rage wa ƙungiya maki ba, don a daina soke wasannin Talata. A fito fili a rubuta abin da kwamiti ya fi ba muhimmanci tun kafin a fara kaka, domin koci a New Jersey ya san irin jadawalin da zai haɗa a Fabrairu. Sannan idan aka zo gurbin ƙarshe, aka sa ƙungiyar da ta sha kaye a fiye da rabin wasannin lig ɗinta gefe guda da wadda ta ci wasa 40 da ɗoriya bayan ta shafe wata guda a kan hanya, a ba ta biyun. Ta farkon ta sami dama 30 ta karawa da manya a cikin lig ɗinta kuma an ga abin da ta yi da su, ta biyun kuwa ko gayyatarta manyan ba sa so su yi, balle su je gidanta cikin sanyin Maris.